Ƙyallayen Sale da Hanyar Kuseri

Akwai abin da na yi da hannuna shekara tara da suka wuce, wanda da ana mayar da aiki baya da na mayar da shi. Na ƙona ƙyallayen ƙanena Sale a cikin garwashin dutsen guga, yana tsaye yana kallo. Tun da muka dawo daga Kuseri abokai ke tare ni a ƙofar shago da bakin masallaci, kowa da tambayarsa: Malam Garba, yaya hanya, yaya ƙetare, me likita ya ce? Ni kuma sai in ba su labarin kifi da kwalekwale in haɗiye sauran. Na gaji da ba da rabin labari. Bokona kaɗan ne, shekara biyu na yi a Yola wurin kawuna, amma zai isa in rubuta abin yadda ya faru.

Mu teloli ne, gado muka yi. Shagonmu na nan unguwar Djamboutou a Garoua, inda Baba, wanda ake kira Maikeke, ya bar shi. Baba yana da wani ciwo da mu a gida muke kira hawa da sauka. In ya hau, ba barci ba gajiya, magana kamar ruwan sama, aikin kwana uku ya gama shi a wuni ɗaya, ya fara shirin buɗe shago a Yawunde. In ya sauka, sai ya juya wa duniya baya ya fuskanci bango, mako uku ko huɗu, ko ruwa sai an lallashe shi. Tsakanin biyun kuwa watanni ne na lafiya lau. Ni Allah ya tsallakar da ni, Sale ya ɗauka.

Abin alfaharin gidanmu shi ne ba ma rubuta awo. Baba zai ɗora wa mutum tef sau ɗaya, bayan shekara a aiko da yadi ya yanka, riga ta zauna daram. Da ciwon da komai, bai taɓa mance wuyan mutum ba. Sale ma da haka ya fara. Amma bayan hawansa na uku ko na huɗu, sai awo ya soma zame masa. Bai gaya wa kowa ba. Sai ya riƙa yago siririn ƙyalle daga yadin mai kaya, ya ƙulla shi a kafaɗa, ya ƙulla a hannu, ya ƙulla a tsawo, ya rataye a ƙusa. Launin ƙyallen ke gaya masa mai shi, ƙullin ke gaya masa awo. Wata rana wani Alhaji ya shigo ya ga bangon, ya yi dariya ya ce ashe gidan Maikeke ma an fara ɗaure awo kamar awaki. Kunya ta kama ni. Yana fita na tattara ƙyallayen na zuba a garwashi, na ce wa Sale, “Ciwonku ɗaya da Baba. Shi bai manta ba, kai ma ba mantuwa ba ce, lalaci ne.” A wata guda ya ɓata riga uku. Na tashe shi daga keke na mayar da shi guga, kuma a nan ya zauna shekara tara.

Tafiyar nan ma ba don likita na shirya ta ba. Ƙanwarmu Hajara na aure a Kuseri, mijinta Alhaji Barka yana da sito na bandar kifi yana neman mai tsaro. Na aika masa wasiƙa, ya amsa. Ga Sale kuwa na ce an ba ni labarin wani likitan ƙwaƙwalwa a ƙetaren kogi, a Fallomi, wadda gwamnatinsu ta ce yanzu a riƙa kiranta Njamena. Likitan gaskiya ne yana nan. Amma niyyata in kai Sale in dawo ni kaɗai.

Mun isa tashar Garoua bayan asuba. Direba ya ce yanzu-yanzu, ba mu tashi ba sai da hantsi ya yi zafi. An ɗaure akuya a saman mota daidai kan ƙunshin kayana, kuma kafin mu ƙetare Pitoa ta yi abin da akuya ke yi. Gaba da Figuil muka tarar da shingen jandarma. Kowa ya fito da katin dantite, wato katin shaida, ban da Sale. Ya laluba aljihun riga, ya laluba na wando, ya zazzage jaka a ƙasa. Jandarman ɗan kudu ne, ba Fillanci ba Hausa, yana ta buga ƙafa. Ni kuwa na fara abin da na saba.

“Ban ce ka ba ni in riƙe ba? Mutum da gemu, kati ɗaya ya gagare shi.”

Sai wani da ke zaune bayanmu ya taɓa ni. “Baba, dakata. Jan zaren nan na gefen rigarsa, ado ne?”

Sale ya duba, ya sa hannu ta ciki, sai ga kati. Ashe aljihu ya ɗinka a ɓoye, ya yi masa alama da jan zare don ido ya tuna masa. Tsoron jandarma ne ya hana shi duban zaren. Jandarman ya juya rigar, ya duba ɗinkin, ya faɗi wani abu da Faransanci yana dariya. Direba ya fassara mana, wai in mun dawo a yi masa irinsa, matarsa ta san duk aljihunsa.

Mutumin da ya ga zaren Bulus ne sunansa, Kirista daga duwatsun wajen Mokolo, dankali ya kai Garoua. Hausarsa ta kasuwa ce, na ɗan gyara ta a nan. Ban taɓa ganin kai irin nasa ba. Kafin mu kai Maroua ya san sunan kowa a motar, da garin da zai sauka, da yawan 'ya'yansa. Da aka sauke kaya wasu mata biyu suka kama buhu ɗaya kowa na cewa nata ne, Bulus ya ce na mai baƙin zane ne, an ɗora shi kafin akuya, ɗayan yana ƙarƙashin tabarmi. Aka ɗaga tabarmi, ga shi.

A Maroua muka sauka gidan wani fatoma a zangon Hausawa. Mutanen garin nan sun ɗauki Fillancinsu da girma. Na gaishe da mai gida da nawa na Garoua, wanda nake ji da shi, ya amsa mini da Hausa cikin tausayi. Aka kawo tuwon jar dawa da miyar yakuwa, tsaminta ya fi namu, gishiri kuwa kamar ana rowarsa. Bulus ya rufe ido ya yi addu'arsa, muka yi bisimilla, muka sa hannu a akushi ɗaya. A nan na tambaye shi me ya hana shi kama hanyar Mokolo.

“Ƙetare za ni, wurin likitan kai. Duk wata huɗu nake zuwa karɓar ƙwaya.”

“Kai? Me ke damun kanka?”

“In ya zo, Baba, sai in hau dutse in yi wa awaki wa'azi. Na taɓa raba buhunan dankali kyauta a kasuwa, har da na maƙwabcina. In ya tafi kuma, wata guda ina kwance kamar an binne ni an manta da ƙasa.”

Sale ya ajiye loma. “Ni atamfa na raba.”

“Taka ko ta mutane?”

“Ta mutane mana. Wa ke raba tasa?”

Suka tuntsire da dariya kamar tsofaffin sojan da suka yi yaƙi ɗaya. Rabon da in ji dariyar Sale haka har na manta. Amma ni ba dariyar na ji ba, shaida na samu. Na ce, “To ka gani, Sale. Ga Baba, ga wannan. Ciwo ɗaya, kai ras. Kai kaɗai ne naka ke cin awo?”

Sale ya sunkuyar da kai. Bulus ya lashe yatsa ya dube ni. “Kai ras a ina? Kaina na kama komai, amma ba ya zama. Ka ba ni allura ka ce in sa zare, kafin ya shiga na tashi sau uku. Dā noma nake yi, na bari, don sai in fara kunya nan in tsinci kaina a gonar wani muna taɗi. Ƙanenka tun ɗazu nake kallonsa, ƙaya ɗaya a tabarmar nan ya zauna mata sai da ya cire.” Na ce a raina ɗan dutse ne, me ya sani.

Washegari muka kama hanyar Mora. Daga nan kwalta ta ƙare, sai gargada. Wajen Waza muka ga raƙuman dawa uku sun ƙetare hanya a natse, kamar su suka yi ta. Direba na kallonsu ya bi ta ƙarƙashin wata ƙaya, reshe ya farke tamfol ɗin da aka rufe kaya da shi, tun daga gaba har tsakiya. Ga hadari ya haɗo ta gabas, ga buhunan gari a sama. Masu gari suka fara salati. Sale ya buɗe jakarsa ya fito da babbar allura da zaren ɗinkin buhu, ya hau. Mutane na ta surutu a ƙasa, kowa da shawararsa, shi kuwa kamar ba ya duniyar. Kafin ɗigon farko ya faɗo ya gama, ɗinki a jere kamar na keke. Da ya zo yanke zare sai na ga almakashin Baba a hannunsa, babban nan mai baƙin mariƙi da ba ya barin shago. Na yi mamakin abin da ya sa ya ɗauko shi don tafiyar kwana biyar, amma ban tambaya ba.

Kuseri gari ne na harsuna. A layi ɗaya za ka ji Larabcin Shuwa, ka ji Barbarci, ka ji Hausa, ka ji Faransanci, kuma mutum ɗaya ke yin su duka. Hajara ta tarye mu da kisira, wata waina ce falle-falle kamar takarda, da miyar kuɓewa da kifi. Na rasa ta inda zan kama ta, 'ya'yanta na leƙe suna dariya. Shayinsu kuwa ba ya ƙarewa. Ka sha kofin farko ka ce alhamdulillahi, su ce ai wannan gaisuwa ce. Da la'asar Alhaji Barka ya kai ni sito ya nuna mini tabarmar da Sale zai riƙa zama, tsakanin kwandunan banda da ƙudaje. Da muka dawo Hajara ta ja ni bayan rumfa.

“Yaya, ka gaya masa?”

“Ko na gaya masa mantawa zai yi.”

Ta ce, “Ji abin da ka faɗa da bakinka.”

Da safe muka gangara bakin Logone, ni da Sale da Bulus. Kwalekwalen dogo ne siriri, an cika shi har ruwa na lasar baki. Ina shiga takalmina ɗaya ya tafi, mai tuƙi ya kamo shi da sanda ya miƙo mini yana ɗiga, ya ce kogi ya ɗanɗana ya ce bai yi masa ba. A ɗaya gaɓar ma'aikacin kan iyaka ya yi mana tambayoyi da Larabci, Bulus ya amsa, har ya tambaye shi jikin uwarsa da ya ce ba ta da lafiya wata huɗu da suka wuce. Nan take aka buga mana hatimi.

Likitan siriri ne, mai magana a hankali, da wani malamin asibiti mai fassara masa. Ya faɗi sunan ciwon da Faransanci, dogo ne, ban riƙe ba. Ya tambayi Sale barcinsa da cinsa da yaushe ya yi hawa na ƙarshe. Ni kuwa na matsu in kai ƙarata. Na ce mahaifinmu da ciwon ya rasu bai taɓa mance awo ba, ga Bulus nan a waje kansa kamar littafi, don haka a gaya wa ƙanena gaskiya ya daina fakewa da ciwo.

Likita ya sa aka kira Bulus. Ya ɗauko faranti ya jera abu bakwai, ya ce mu uku mu duba, har da ni. Ya rufe da tawul, ya shiga tambayarmu labarin hanya da raƙuman dawa. Can ya ware mu ɗaya-ɗaya ya ce mu faɗi abin da ke ƙarƙashi. Bulus ya kawo bakwai, har da wanda ke kusa da wane. Ni mai lafiya biyar na kawo, na ƙara da wuƙa wadda babu ita. Sale biyu ya kawo, gumi na tsattsafo masa.

Na ɗauka an gama. Sai likita ya nuna jan zaren rigar Sale ya tambayi amfaninsa. Sale ya faɗa masa a kunyace. Likita ya sake jera wasu abubuwa bakwai, ya ce wannan karon ya yi yadda ya saba. Sale ya zaro zare daga jaka. Na ga ya yi wa cokali dogon zarge, ya yi wa zobe ɗan kewaye, ya yi wa ashana ƙulli uku a jere, yatsunsa na gudu. Aka rufe, aka yi taɗi ya fi na farko tsawo. Da aka tambaye shi ya bi zaren da yatsa ya kawo bakwai cif.

Likita ya juyo gare ni, malamin na fassarawa. “Sunan ciwon ɗaya ne, amma kawunan da yake shiga ba ɗaya ba ne. Cikin masu zuwa wurina akwai wanda in ya lafa kansa ke komawa yadda yake, kamar mahaifinku. Akwai wanda ke riƙe komai amma ba ya iya tsayawa kan abu ɗaya. Akwai wata malamar makaranta da ba ta mantuwa, sai dai ka ba ta lokaci kafin ta amsa. Akwai kuma wanda sabon abu ke zame masa ko yana cikin lafiyarsa, kamar wannan. Ba lalaci ba ne. Wa ya koya masa ƙullin nan?”

Na ce shi ya ƙirƙiro abinsa.

“To ku bar shi da shi. Ƙwayata don hawa da sauka ce. Don mantuwa ba ni da abin da ya kai zaren nan.”

Sale bai ce uffan game da ƙyallayen ba. Na faɗa muku ba zan ɓoye komai ba: a lokacin addu'a nake a raina Allah ya sa wannan ma yana cikin abin da ya manta.

Bulus ya tsaya jiran ƙwayarsa, muka yi ban kwana, ya ce in gai da akuya. Muka shiga kwalekwale mu biyu da wasu mata masu kwando. Mun kai tsakiyar ruwa Sale ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Yaya, gobe ƙarfe nawa motarka?”

“Motata?”

“Ai na san ni zama zan yi. Shi ya sa na ɗauko almakashi.”

Ya ɗaga bakin rigarsa ya nuna mini mazagin wandonsa, da wani baƙin ƙulli a ƙarshe. “Ranar da kake karanta amsar Alhaji Barka a fili ina bayan labule ina guga. Na ƙulla shi don kada in manta har in yi murna a hanya.”

Da ƙyar na ce, “Ƙyallayen nan naka na dā, ka tuna da su?”

“Arba'in da ɗaya ne. Shuɗin ne ya fara ci.” Ya saki bakin rigarsa. “Awo ne ke gudu, Yaya. Wannan bai gudu ba.”

Na yunƙura zan kama hannunsa in roƙe shi gafara, kwalekwale ya karkata, mata suka riƙe kwandunansu. Sale ya ce, “Zauna mu sauka tukuna, kada ka kife da mutane.” Na zauna. Tsawon ragowar kogin nan ban taɓa yin tafiya mai nisansa ba. Da muka taka ƙasa na durƙusa a cikin laka, ni babba, gaban masu wanki, na ce ya yafe mini, na ce tare za mu koma. Ya ɗago ni ya ce, “Na yafe. Amma guga kam na gama.” Na ce ta ƙare. Da hannuna na kwance baƙin ƙullin. Alhaji Barka bai ji daɗi ba, don ya riga ya sallami wani mai neman aikin saboda Sale, amma Hajara ta cika mana jaka da banda har ta ƙi rufuwa.

Mako uku ke nan da dawowarmu. Ranar farko na samo ƙusoshi na jera a bangon shago, na tsaya na buɗe hannuwa na ce Sale ya fara da ni. Ya yago ƙyalle ya auna, ya ce tumbina ya ƙara ƙulli ɗaya tun zamanin Baba. Rigar da ke jikina yanzu ita ce, wanda ke shakka ya zo ya duba kafaɗa. Ciwon bai tafi ba, likita ma bai ce zai tafi ba. Ƙwayar ma da ƙulli yake tuna ta. Shekaranjiya wani ya shigo ya ga bangon ya fara murmushi, na ce masa in awo a ka yake so ya je wani shago, mu nan a ƙusa muke rataye shi. Ya bar yadinsa.

Shekara taran nan ba zan iya mayar wa Sale ba. Na auna shi da awon Baba, na yanke, kuma ni da nake tela ya kamata in fi kowa sanin ba a yi wa mutum haka. Ku da kuka matsa sai na ba ku labari, ga shi duka. In akwai mai irin wannan ciwo a gidanku, kada ku ce wane ma da shi yake amma bai yi kaza ba. In kun ga ya samo wata 'yar dabara yana riƙe rayuwarsa da ita, zare ne, alli ne, tsakuwa ce a aljihu, ku bar masa abinsa ko da baƙo zai yi dariya. Ni garwashi na zuba wa na ƙanena. Ina roƙonku don Allah kada wani ya sake.